Gobarar makarantar makafi: abin da masu kallo suka kasa yafe wa Michael Landon

A daren Litinin, 4 ga Fabrairun 1980, lokacin da iyalai a Amurka suka gama cin abincin dare suka zauna da yara a gaban talabijin, tashar NBC ta sako wani kashi mai tsawon awa biyu na shirin Little House on the Prairie. Ba a yi nisa ba makarantar makafi ta garin Walnut Grove ta kama da wuta, wata mata mai suna Alice Garvey ta ƙone a saman bene, jinjirin wata yana rungume a ƙirjinta. Yau sama da shekara arba'in ke nan, amma duk inda masoyan shirin suka haɗu, da wuya a tashi ba a ta da jijiyar wuya a kan wannan dare ba. Mu ma nan mun san yadda gardama take kaurewa idan marubucin shiri mai dogon zango ya kashe wanda ake so. Sai dai wannan gardamar ta fi ta kowa daɗewa, kuma idan ka saurara da kyau za ka ji ba abu ɗaya ake musu a kai ba. Gardandami ne kusan huɗu aka cakuɗa a ƙwarya ɗaya, shi ya sa kowa yake ganin ɗan'uwansa bai fahimce shi ba.

Ga wanda bai san shirin ba, an fara shi a 1974, ya yi zango tara zuwa 1983. A ƙasashen da ake jin Faransanci an fi saninsa da La Petite Maison dans la prairie. Labarin iyalin Ingalls ne, manoma talakawa da suka yada zango a jihar Minnesota a shekarun 1870, zamanin da gwamnatin Amurka take raba wa mutane gonaki, eka 160 ga duk wanda zai zauna ya noma shekara biyar, bisa dokar da aka yi a 1862. An ɗauko shi daga littattafan Laura Ingalls Wilder, wadda aka haifa a 1867 ta rasu a 1957, ta kuma rubuta ƙuruciyarta a jerin littattafan yara tsakanin 1932 da 1943. Michael Landon, wanda ya yi shekara goma sha huɗu a shirin kaboyi na Bonanza, shi ne ya fito a matsayin uban gidan, Charles Ingalls. Amma aikinsa ya wuce fitowa. Shi ne uwa shi ne makarɓiya: yana cikin masu ɗaukar nauyin shirin, yana rubuta labari, yana ba da umarni. Wannan kashi na gobara, mai suna May We Make Them Proud, a zango na shida, shi ya rubuta shi kuma ya ba da umarni. Saboda haka babu wanda za a ɗora wa jakar tsaba sai shi.

Abin da ya faru a ciki ba shi da wuyar faɗa. An yi taron tara wa makarantar kuɗi da rana. Albert, ɗan riƙon gidan Ingalls, da wani abokinsa suka samu lofe suka sulale ɗakin ƙarƙashin ƙasa don su ɗanɗana taba, irin ta yara masu ganin sun girma. Suka ji motsin babba, lofen ya ƙare a cikin tarin tsummoki, suka fice. Da dare hayaƙi ya turnuƙe gidan. Mary, babbar 'yar Ingalls, makauniya ce kuma malama a makarantar, tana ɗaki da jinjirinta. Mijinta Adam, shi ma makaho, ya zo ya ja ta su fitar da ɗalibai. Alice Garvey, mai ido, ta ce ita za ta ɗauko yaron. A hanya ta ji wani ɗalibi ya maƙale a banɗaki, ta tsaya ta buɗe masa, kafin ta koma ta ɗauki jinjirin wuta ta datse hanya. Sauran labarin, wato fiye da rabinsa, bin Albert ake yi: an tsinci lofen a cikin toka, ya gane hannunsa na ciki, abin ya ci shi ya cinye, ya gudu daga gida, aka bi shi aka dawo da shi, mijin marigayiyar da kansa ya ce masa ba laifinsa ba ne.

Gardama ta farko, wadda ta fi kowacce ƙara, ita ce ta masu cewa an ci amanarsu. Shiri ne na iyali, ana saka shi da ƙarfe takwas, an saba da shi a matsayin wurin da uwa za ta bar yara ba tare da fargaba ba. A tsakiyar shekarun 1970 ma har tsari aka yi a Amurka na keɓe wannan awa ta farkon dare ga abin da ya dace da yara, kafin kotu ta soke shi a 1976. To me ya kawo ƙonewar jinjiri a nan? Da yawa cikin masu wannan magana suna da shekara bakwai ko takwas lokacin da suka gani, kuma abin da suke faɗa yanzu da furfura a kansu shi ne sun yi kwanaki ba sa iya barci. Ba a yi wa mutum musu a kan tsoron da ya ji. Jiki magayi.

Amma maganar cin amana ba ta tsaya da ƙafarta sosai. Abin da mutane suke riƙe da shi a ka shi ne mabuɗin shirin: 'yan mata uku suna gangarowa daga tudu a guje cikin ciyawa, ƙaramar ta faɗi ta tashi, kiɗa mai daɗi yana tashi. Wannan minti ɗaya ya rufe musu abin da yake biyo baya. Tun a zangon farko, a Disambar 1974, an nuna mutuwar jinjirin Charles da matarsa Caroline, aka nuna 'yarsu Laura tana ganin ita ta jawo saboda kishin da ta yi, har ta hau dutse tana roƙon Ubangiji ya ɗauke ta ya dawo da ƙaninta. A wannan zangon dai aka yi annobar da ɓeraye suka kawo ta cikin buhunan garin masara, coci ya koma asibiti. A 1978 Mary ta makance. A 1979 ta yi ɓari. Shekara ɗaya bayan gobarar, a Fabrairun 1981, aka nuna kashi biyu na labarin Sylvia, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da wani mai rufe fuska ya yi wa fyaɗe, ta yi ciki, gari ya juya mata baya, ta mutu. A 1983 Albert ɗin nan ya kamu da shan ƙwaya, aka nuna shi yana amai yana karkarwa a hannun ubansa. Wanda ya ce gobarar ta zo masa ba zato, bai yi lissafin shirin da yake kallo ba. Landon mutum ne da ya san hawaye ke riƙe mai kallo, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

Gardama ta biyu ta masu littafi ce, kuma ita ta fi tsufa, don tun kafin a fara haska shirin aka soma ta. Ed Friendly, wanda ya sayi haƙƙin littattafan, so ya yi a bi su sau da ƙafa. Landon ya ƙi, suka raba gari, sunan Friendly ya ci gaba da fitowa a allo amma ba shi da ta cewa. Charles na gaskiya mai ƙaton gemu ne, na Landon fuska tas, suma har wuya irin ta 'yan 1970. Walnut Grove ta gaskiya fili ne shimfiɗaɗɗe, ta shirin kuwa an gina ta ne a Simi Valley ta Kalifoniya, shi ya sa kake ganin tuddai da busasshiyar ciyawa inda ya kamata a ga sarari iya ganinka. A kan kashin gobara masu littafi suna da hujja mai ƙarfi: kusan duk wanda ya taka rawa a cikinsa, in ban da 'yan gidan Ingalls, ƙirƙira ne. Babu Albert a tarihi. Babu Alice Garvey. Babu Adam. Mary ta gaskiya ba ta taɓa aure ba, balle haihuwa, kuma ba ta koyar a wata makaranta a Walnut Grove ba. An ƙirƙiro mata miji da ɗa ne kawai don a samu abin da za a ƙwace mata.

Nan ma akwai amsa, kuma amsar tana cikin rayuwar Laura kanta. Littattafan yara ta rubuta, ita da 'yarta Rose da ta taya ta gyara, kuma sun tace abubuwa da yawa. Ƙaninta Freddie ya rasu yana wata tara a 1876, ba ta sa shi a jerin ba ko sau ɗaya. Fari sun cinye musu alkama a Minnesota har uban ya tafi ƙodago a ƙafa, wannan kam ta rubuta. Bayan ta yi aure, a 1888 ita da mijinta Almanzo suka kamu da mashaƙo, shi ya tashi da rauni a ƙafa har ƙarshen rayuwarsa. A Agustan 1889 ɗa namijin da ta haifa ya koma yana jinjiri, kuma ba a rufe wata ba gidansu ya ƙone ƙurmus. Mutuwar jinjiri da gobara, a wata ɗaya, a gida ɗaya. Saboda haka wanda ya ce Landon ya ƙara wa zamanin gishiri, bai karanta tarihin gidan ba. Gidajen katako ne, fitilar kananzir, murhun itace, babu motar kashe gobara, ruwa sai an ja da guga. Abin da Landon ya yi shi ne ya ɗauki masifar da ta dace da zamanin ya ɗora wa wadda ba ita ta same ta ba.

Akwai wata ƙaramar gardama da zan ratsa da sauri, duk da ita ce aka fi yi wa dariya. Lokacin da Alice ta ga babu hanya, ta nufi tagar bene tana dukan gilashi. Daga ƙasa ake nuna ta, wuta a bayanta, ƙunshin bargo a hannunta, tana kai duka tana ihu. Wasu sun rantse da jinjirin ta fasa tagar. Wasu suka ce da gwiwar hannu ne, ƙunshin kawai yana bin jikinta. Na maimaita wurin ya fi sau biyar, kuma gaskiya kowa da abin da zai kama. 'Yar wasa ce riƙe da 'yar tsana marar nauyi, tana ƙoƙarin fasa gilashi da dukkan ƙarfinta, babu yadda za a yi hannun ya motsa kamar na mai ɗauke da rai. Kuskuren ɗauka ne. Amma kuskure ne da ya faɗo a daƙiƙar da ta fi kowacce nauyi a zangon, shi ya sa ya zauna a idon mutane.

Inda gizo yake saƙa shi ne tambayar da iyaye mata suka fi yi: me ya hana Mary ɗaukar ɗanta? Tana ɗaki ɗaya da shi. Yana cikin gadonsa, hannu kawai za ta miƙa. An ce mata wuta, ta tashi ta fita ta bar shi. Mace a garinmu da ta ga wannan wuri za ta ce ai ko zani ba sai an nema ba, da bargon za a saɓa shi a baya, hannu biyu su rage na jan ɗalibai. Masu kare shirin suna cewa ruɗewa ce, mutum ba ya sanin abin da zai yi sai wuta ta zo. Suna cewa Mary malama ce mai amanar yara makafi da yawa, kuma an ba ta tabbacin mai ido za ta ɗauko shi, wanda a lissafin daƙiƙa ɗaya ya fi kama da hankali: mai gani za ta fi sauri a cikin hayaƙi. Hujjar ba banza ba ce. Sai dai a cikin hayaƙi mai ido ma makaho ne, kuma Mary ta san lungu da saƙon gidan nan da ƙafarta da tafin hannunta fiye da kowa.

A nan nake ganin masu ƙorafi suna da gaskiya, kuma gaskiyar tasu ta fi yadda suke faɗinta girma. Tun daga 1978 shirin yake gina magana ɗaya a kan Mary. An nuna ta ranar da ta farka ta ga duhu tana kiran babanta, wasan da ya sa aka saka Melissa Sue Anderson cikin 'yan takarar kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin. An nuna ta ta ƙi cin abinci da kanta, Adam ya ƙi lallashinta, ya tilasta mata ta koyi riƙe cokali, ta koyi tafiya, ta koyi karatu da yatsu. An nuna ta ta zama malama, ta yi aure, ta riƙe gida. Shekara biyu ana gaya wa mai kallo cewa makanta ba ta rage mutum. Sai ga dare ɗaya da aka fi buƙatar wannan magana ta tabbata, marubucin ya janye ta, saboda yana buƙatar yaron ya kasance a sama lokacin da matakala za ta kama. Da Mary ta ɗauki ɗanta, babu labari. An tanƙwara halin mutum don a samu gawa, kuma mai kallo yana jin irin wannan tanƙwara a jikinsa ko da bai iya sa mata suna ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne wanda aka ba labarin bayan an kashe wutar. Mutum biyu aka yi wa rashi kai tsaye, ko a ce huɗu: Mary da Adam, Jonathan Garvey mijin Alice da ɗansa Andy. Jonathan an ba shi 'yan wurare, ya kama shan giya, yana faɗa da Ubangijinsa, ya manta yana da yaro a gida. Mary kuwa an kwantar da ita a gado, idanu a buɗe, ba ta magana, sai gunjin waƙar reno take yi a maƙogwaro. Wuri ɗaya ne aka bar ta ta fashe, kuma shi ne wurin da ya fi kowanne kyau a kashin. Albert ya kawo mata ƙaramin akwatin kiɗa, irin wanda ake wanawa, da niyyar ya faranta mata. Aka buɗe murfi, sai ga waƙar da take saka wa ɗanta. Ta ƙwalla ƙara tana neman yaron, shi kuma Albert, da yake ta haɗiye abin kwana da kwanaki, ya furta da bakinsa cewa ba da gangan ya yi ba, ya ruga waje. Daga nan kyamara ta bi shi. Uwar da ta farfaɗo yanzu-yanzu ta gane ɗanta ya mutu, an bar ta a ɗaki, mu kuma an tafi da mu neman yaron da ya sha taba.

Shi ya sa maganar laifin Albert ba ta ƙarewa. Wasu suna ganin yaro ne, kuma kowane yaro ya taɓa yin wautar da Allah ne kawai ya rufa asiri ba ta zama gobara ba. Wasu suna ganin an wanke shi da sauri, an ce ƙaddara ce an shafa masa kai, abokin nasa ma ya ɓace daga labarin kamar ba a yi da shi ba. Akwai kuma waɗanda tun zuwan Albert a 1978 ba su ƙaunace shi ba, suna ganin an kawo shi ne don Landon ya samu ɗa namiji da za su riƙa kuka tare, ya ture 'yan matan da littafin yake kansu. Ni ban ga laifin yafiyar ba. Wurin da mijin marigayiya ya tsaya a gaban yaron ya sauke masa kayan da yake ɗauke da shi wuri ne mai kyau, kuma Merlin Olsen, tsohon ɗan ƙwallon Amurka mai jiki kamar ƙofar gari, ya yi shi da taushin da ba a zata ba. Matsalar ita ce yafiyar da ta fi tsada ba tasa ba ce. Ta Mary ce, 'yar'uwar da ƙaninta ya yi sanadin ɗanta, kuma za su ci gaba da zama a kan teburi ɗaya. Wannan labarin ne mai wuya, shi ne kuma aka taɓa sama-sama aka wuce.

Tsarin talabijin na wancan zamani yana da hannu. Ana yin shiri ne yadda kowane kashi zai tsaya da kansa, don tashoshi su iya maimaita shi a kowane jeri, kuma wanda bai ga na makon jiya ba kada ya ɓata. Saboda haka duk abin da ya faru, komai girmansa, dole a naɗe tabarmarsa kafin a rufe. An kafa allon tunawa da sunan Alice da jinjirin, an yi jawabi, kiɗa ya tashi. Bayan nan makarantar ta koma garin Sleepy Eye, Jonathan da ɗansa ma suka koma can, Adam ya samu idonsa ya dawo sanadin wata fashewa ya zama lauya, sunan yaron kuwa da kyar ake sake jinsa a bakin kowa. Mai kallon 1980 yana da mako guda tsakanin kashi da kashi, mantuwa tana taya marubuci aiki. Mai kallon yau yana zuba kashi biyar a dare ɗaya ta intanet, sai ya ga matar da ɗanta ya ƙone ɗazu tana harkokinta kamar ba a yi ba. Wani ɓangare na fushin da ake yi yanzu, yadda ake kallo ne ya haife shi.

Landon dai bai sauya hali ba har ƙarshe. Da aka gama shirin, yarjejeniyar hayar filin ta ce a mayar da shi yadda aka same shi, sai ya rubuta rushe garin a cikin labari: a fim ɗin bankwana da aka nuna a Fabrairun 1984, mutanen Walnut Grove suka dasa wa gidajensu nakiya ɗaya bayan ɗaya don kada wani attajiri ya gaje su, aka bar coci da ƙaramin gidan Ingalls. Ya rasu a 1991 yana da shekara 54.

Mary ta gaskiya ta makance a 1879 tana da shekara goma sha huɗu. Littafi ya ce wani zazzaɓi mai fesar da jajayen ƙuraje ne, amma likitocin da suka bi bayanan ciwon nata a 2013 sun fi karkata ga kumburin ƙwaƙwalwa irin na dangin sanƙarau. A 1881 iyayenta suka tattara abin da suke da shi, Laura ma tana ɗinki tana kawo nata, aka kai ta makarantar makafi ta Vinton a jihar Iowa. Ta gama a 1889 ta dawo gidan iyayenta a De Smet, tana karatu da yatsu, tana kaɗa molon coci mai iska, tana saƙa ragar da ake yafa wa dawaki saboda ƙuda ana sayarwa. Ta rasu a 1928 a gidan ƙanwarta Carrie, tana da shekara 63.